Za mu ɗauki au pair a Amurka: wane haraji ne a kanmu, wane ne a kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Amurka, dukkanmu muna aiki, kuma muna da yara biyu ƙanana. Kuɗin gidan raino ya fi ƙarfinmu, shi ya sa muka yi rajista da wani kamfani da zai kawo mana au pair, wato matashiya 'yar ƙasar waje da za ta zauna da mu tana rainon yara, daga Afirka ta Kudu a watan Oktoba. Kamfanin ya ce mu riƙa ba ta dala 195.75 duk mako. Wata ƙawata ta ce ai wannan kuɗin kashewa ne kawai, babu ruwan gwamnati da shi. Wani abokin aikin maigidana kuma ya ce sai mun buɗe mata tsarin albashi kamar yadda kamfanoni suke yi. Wanne ne gaskiya? Kuma idan mun ji daɗin zama da ita, muna so ta ƙara shekara guda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yara, ya sa a karɓi baƙuwa lafiya.

Ƙawarki ba ta yi daidai ba. Abokin aikin maigida kuwa ya kama wani yanki na gaskiya, amma ya yi gaggawa, domin abin da ya faɗa ba zai hau kanku a farkon zuwanta ba. Inda zai iya hawa kanku shi ne a jimlarki ta ƙarshe, wato maganar ƙarin shekara. A kan wannan zan fi daɗewa, don nan ne iyalai masu kyakkyawar niyya suke faɗawa cikin bashin haraji ba su sani ba.

Mu fara da matsayin kuɗin. Yarinyar za ta shigo da biza samfurin J-1, a ƙarƙashin shirin musayar al'adu da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka take kula da shi. Za ta zauna a gidanku, ta ci abincinku, ta yi ɗan karatu a wata kwaleji, ta kula da yara na awa 45 a mako, ba fiye da awa 10 a rana ba. Ina sane da yadda muke ɗaukar irin wannan zama. A gida, yarinyar da take raino a ɗakinki tamkar ƙanwa ce ko 'yar riƙo, abin da aka miƙa mata kuma kyautatawa ce, ba a ma son a kira shi albashi. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ku riƙe ta a wajen zamantakewa. Amma tun 1994 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta yanke cewa tsakanin au pair da iyalin da suka sauke ta akwai alaƙar mai aiki da wanda ya ɗauke shi aiki, don haka kuɗin mako-mako lada ne na aiki. Hukumar haraji ta IRS a kan wannan take tafiya. Ko adadin da aka ba ku ma ya nuna haka: mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, a ninka shi sau 45 ya zama dala 326.25, a cire kashi 40 cikin ɗari na ɗaki da abinci, abin da ya rage shi ne 195.75. Lissafin albashi ne tsantsa. Kuma ku ne kuka ɗauke ta aiki, ba kamfanin da ya haɗa ku ba.

To tunda albashi ne, akwai haraji iri uku da ake dubawa: harajin kuɗin shiga, harajin fansho da lafiyar tsofaffi da ake kira FICA, da harajin rashin aikin yi na tarayya da ake kira FUTA.

Harajin kuɗin shiga nata ne, ita za ta biya. Doka ba ta tilasta muku ku cire shi daga albashinta ba, saboda aikin cikin gida ba ya cikin wanda ake wajabta cirewa tun daga tushe. Sai dai kada wannan sauƙi ya sa ku yi shiru. A idon hukumar haraji yarinyar baƙuwa ce, ba mazauniya ba, kuma baƙo ba ya samun rangwamen nan na bai ɗaya da ake cire wa mazauna kafin a fara lissafi. A da akwai wani ɗan rangwame na kowane mutum da yake rage musu nauyi, amma dokar haraji ta 2017 ta mayar da shi sifili daga 2018. Saboda haka daga dalar farko ake lissafa mata kashi 10 cikin ɗari. Idan ta yi mako goma sha ɗaya daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, ta karɓi kusan dala 2,153, harajinta kusan 215. A cikakkiyar shekara za ta karɓi dala 10,179, harajin ya kai kusan 1,018. Wannan ya fi albashinta na mako biyar. Yarinya 'yar shekara ashirin da ba a gaya mata ba, ta kashe kuɗinta a yawon buɗe ido da aika wa iyayenta, sai a watan Afrilu ta ji ana binta dala dubu, ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Kamfanoni sukan ambaci wannan a cikin tulin takardun da suke ba su, amma yawancin yaran ba sa riƙe shi.

Hanya biyu ce a gabanku. Ta farko, ku zauna da ita a makon farko ku fahimtar da ita, ta riƙa ware dala 20 duk mako a wani asusu daban, ko ta riƙa tura wa IRS kashi-kashi cikin shekara da fom 1040-ES (NR). Ta biyu, ku yarda ku duka biyun cewa za ku riƙa cire mata. In kun zaɓi wannan, za ta cika muku fom W-4, ku nemi lambar mai ɗaukar ma'aikata wato EIN daga IRS, kyauta ake bayarwa, ku ba ta fom W-2, mai nuna albashinta na shekara da abin da aka cire, kafin ƙarshen Janairu, sannan ku shigar da abin da kuka cire a takardar Schedule H da ake haɗawa da fom ɗinku na 1040. Ni na fi karkata ga ta farko a shekarar farko, don ta fi sauƙi kuma tana koya wa yarinyar riƙe kuɗinta. Amma idan kun lura hannunta a sake yake, ta biyun taimako ne a gare ta.

Ko wacce kuka ɗauka, ita za ta cika fom 1040-NR, wato takardar harajin baƙi, ta haɗa da fom 8843 wanda yake bayyana dalilin da ya sa ba a ƙirga kwanakinta na zama, ta aika kafin 15 ga Afrilu. Ki ja kunnenta a kan abu guda: kada ta bi ƙawayenta ta yi amfani da manhajar da aka yi don mazauna. TurboTax ba ta cika 1040-NR. Idan ta shigar da bayananta a matsayin mazauniya, manhajar za ta cire mata rangwamen da ba nata ba, ta nuna mata ba a binta ko sisi, alhali takardar ƙarya ce aka aika da sunanta. Akwai manhajoji irin su Sprintax da aka yi musamman don baƙi. Kuma ku kai ta ofishin Social Security da fasfo da takardarta ta DS-2019, wadda kamfanin ya ba ta don neman biza, ta karɓi lamba tun da wuri, domin ita da ku duka za ku buƙaci lambar.

Yanzu FICA da FUTA. Muddin tana matsayin baƙuwa mai bizar J-1 kuma tana yin aikin da bizar ta ba ta izini, an ɗauke mata su, an ɗauke muku. Ba za ku cire komai ba, ba za ku ƙara komai daga aljihunku ba. Idan ba ku cire harajin kuɗin shiga ba, to ko W-2 ba wajibi ba ne, ya isa ku rubuta mata takarda a watan Janairu mai nuna jimlar abin da ta karɓa a shekarar da ta wuce. Wannan shi ne halin yawancin iyalai, shi ya sa ƙawarki take ganin babu ruwan gwamnati.

Amma baƙunta tana da wa'adi, kuma yadda ake ƙirga wa'adin ne yake ruɗar mutane. Hukumar haraji tana sa au pair a rukunin malamai da masu koyon aiki, waɗanda ba a ƙirga kwanakin zamansu na shekara biyu. Shekarar nan ba wata goma sha biyu daga ranar sauka ba ce. Shekarar kalanda ce, kuma ko kwana ɗaya mutum ya yi a cikinta, ta tafi gaba ɗaya. Da zarar an ɗauke mata ƙirga a wani ɓangare na shekara biyu cikin shida da suka gabata, to a ta ukun ana fara ƙirga kwanaki, kuma idan sun kai 183 ta zama mazauniya a wajen haraji, ko da bizarta ba ta canza ba.

Bari in sa miki shi a kan kwanan wata. A ce wata ta sauka a tsakiyar Oktoba 2023. Shekarar 2023 ta ci ɗaya, duk da wata biyu da rabi kacal ta yi a ciki. Shekarar 2024 ta ci ta biyu. Daga 1 ga Janairu 2025 agogo ya fara bugawa, kuma kwana na 183 ya faɗo ranar 2 ga Yuli. Shirin yana ba da damar ƙarin wata shida, ko tara, ko goma sha biyu. Idan wata shida aka ƙara mata, za ta gama a Afrilu, ba ta kai ba. Idan tara ne, za ta gama a tsakiyar Yuli, ta haye da kwana goma sha wani abu. Idan shekara ce cikakkiya, ta haye nesa. Kwanaki talatin da ake ba su bayan kammala aiki don su yi yawo kafin su koma, su ma zama ne a ƙasar, ana ƙirga su. Abin da ya fi muhimmanci kuma, idan ta haye, matsayin mazauniya ba daga Yuli yake farawa ba, yana komawa ne tun ranar farko da take ƙasar a wannan shekara, wato Janairu. Kwatanta da wadda ta sauka a Janairu 2024 ta yi shekara biyu cur: kwanaki kaɗan za ta taɓa a 2026, ba za ta taɓa zama mazauniya ba. Aiki ɗaya, tsawon zama ɗaya, amma watan sauka ya raba hukuncinsu. Taku a Oktoba za ta zo, don haka idan kun ƙara mata shekara, ku sa a ranku cewa a shekarar kalanda ta uku kun zama masu biyan harajin ma'aikacin gida kamar kowa.

Me hakan yake nufi a aljihu? A 2025, duk wanda ya biya ma'aikacin gida dala 2,800 ko fiye a shekara, FICA ta hau kansa. Adadin yana ɗan ƙaruwa lokaci-lokaci, ana samun na kowace shekara a littafin IRS mai lamba 926. Kashi 7.65 ne daga albashin ma'aikaciya, kashi 7.65 daga aljihunku: 6.2 na Social Security, 1.45 na Medicare. A mako 41 daga Janairu zuwa tsakiyar Oktoba, albashin ya kai kusan dala 8,026, rabon kowane ɓangare kusan 614. FUTA kuma tana hawa idan kun biya dala 1,000 a cikin ko da zango ɗaya na wata uku, kuma za ku wuce wannan nesa. Kashi 6 ne a kan dala 7,000 na farko, amma wanda ya biya harajin rashin aikin yi na jiharsa a kan lokaci yawanci yana samun rangwame har ya koma kashi 0.6, wato dala 42. Wannan ku kaɗai za ku biya, ba a taɓa albashinta. Sai EIN, da W-2, da Schedule H, da rajista a ofishin ƙwadago na jiha.

Kuɗin ba su kai a fasa ƙarin shekara saboda su ba. Abin da yake ciwo shi ne gano su a makare. Idan ba ku cire rabonta tun Janairu ba, ta tattara kayanta ta koma gida a Oktoba, hukuma ku za ta bi da rabon biyu, kusan dala 1,228, in an yi jinkiri kuma a ɗora tara da kuɗin ruwa. Ba kuma daidai ba ne a tashi a watan Satumba a ce za a zabtare mata na wata tara lokaci guda. Ranar da kuka sa hannu a takardar ƙarin wa'adi, ranar za ku yi wannan lissafi da ita, ku yanke ko za ku riƙa cirewa mako-mako ko za ku ɗauke mata. Doka ta yarda ku biya mata rabonta, sai dai abin da kuka biya ɗin ana ƙara shi a kan kuɗin shigarta. Iyalin da Allah ya hore wa, ina ganin ɗauke matan ya fi, don dala 15 a mako a wajen mai karɓar 195 ba ƙaramin abu ba ne. Ita ma takardar harajinta ta wannan shekara ba za ta zama 1040-NR zalla kamar ta baya ba, nan ne ya kamata a biya akanta da ya san harajin baƙi ya duba mata.

Akwai tambaya ɗaya da za ki yi mata tun kafin ta hau jirgi: ta taɓa zuwa Amurka da bizar J ko F a cikin shekaru shida da suka wuce? Matasa da yawa sun taɓa zuwa aikin sansanin yara na bazara ko ɗan gajeren karatu. Wannan zuwan yana cin shekara daga cikin biyun. Idan ta taɓa, lissafin da na yi miki zai matso da shekara guda, ko ma ya fara tun zuwanta.

Ba ki faɗi jihar da kuke ba, kuma wannan na iya sauya komai fiye da duk abin da na lissafa. A Massachusetts, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a Disamba 2019, a shari'ar Capron, cewa dokar albashi ta jihar da dokar kare ma'aikatan gida suna aiki a kan au pair, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2020. Mafi ƙarancin albashi a can dala 15 ne a awa tun 2023, abin da ya haura awa 40 kuma ana biyan ɗaya da rabi. Awa 45 ta kama dala 712.50 a mako, kuma abin da za a iya cirewa na ɗaki da abinci bai wuce dala 77 ba. Wanda yake Boston yana biyan 195.75 yana tara wa kansa bashi ne duk mako. Ko a wajen Massachusetts, ku sani adadin nan mafi ƙaranci ne, ba tsayayyen farashi ba. A 2019 kamfanonin da suke kawo au pair suka amince su biya dala miliyan 65.5 don sasanta wata ƙara da aka shigar a kotun tarayya a Colorado, inda aka zarge su da haɗa baki wajen tsayar da albashin a wuri ɗaya, kuma cikin sharuɗɗan sasantawar akwai sanar da iyalai da yaran cewa ana iya biyan fiye da haka. Dala 195.75 ba ta motsa ba tun 2009, ke kuma kin san yadda farashin kaya ya tashi daga lokacin zuwa yau. Wadda za ki bar wa 'ya'yanki awa tara a rana ta cancanci ki duba wannan da idon rahama.

Jiha tana shigowa ta wasu ƙofofi biyu. Harajin kuɗin shiga na jiha: Texas da Florida ba su da shi, New York da Maryland da Virginia suna da shi, don haka mai yiwuwa ta cika takarda ta biyu. Sai inshorar diyyar rauni a wajen aiki. New York tana wajabta ta ga ma'aikacin gida mai awa 40 ko fiye a mako, Massachusetts daga awa 16. Inshorar lafiyar da kamfani yake haɗa mata da ita daban ce, ba ta maye gurbin wannan. Ku kira kamfanin inshorar gidanku ku tambaya a rubuce, kuma in za ta tuƙa yara, ku sa sunanta a inshorar mota.

Akwai ɓangaren da haraji yake dawo muku da wani abu. Tunda ku biyun kuna aiki kuma yaran ba su kai shekara 13 ba, albashinta da kuɗin da kuka biya kamfani don samo ta suna cikin kuɗin raino da ake nema wa rangwame a fom 2441. Iyakar abin da ake lissafawa dala 3,000 ne ga yaro ɗaya, 6,000 ga biyu ko fiye. A 2025 iyali mai matsakaicin samu zuwa sama kashi 20 yake samu, wato dala 1,200. Idan wurin aikin ɗayanku yana da asusun raino da ake zuba wa kuɗi kafin a cire haraji, wanda ake kira Dependent Care FSA, sau da yawa ya fi riba. Iyakarsa dala 5,000 ce ga iyali har 2025, dokar da aka sa wa hannu a Yuli 2025 kuma ta ɗaga ta zuwa 7,500 daga 2026. Ba a cin tudu biyu: duk abin da ya bi ta asusun ana cire shi daga dala 6,000 ɗin. Fom ɗin zai nemi sunanta da lambarta ta Social Security, ku karɓa da fom W-10 tun tana gidan. Ki lura da abin da hakan yake nufi: ranar da kuka nemi rangwamen, kun gaya wa IRS cewa wance ta karɓi kuɗi kaza. Idan ita ba ta cika nata ba, giɓin a fili yake, kuma bashin haraji yana iya zame mata cikas idan ta sake neman biza ko takardar zama.

Abubuwa uku da za ku guje wa. Kada ku ba ta fom 1099, ba 'yar kwangila ba ce, ku ne kuke tsara mata lokaci da yadda za ta yi aiki. Kada ku sa ta a takardarku a matsayin wadda kuke ɗaukar nauyi, don kawai tana ci tana kwana a gidanku. Kuma kada ku ƙara mata awoyi sama da 45 ku biya ta a bayan fage, ko da ita ce ta nema. Wannan saɓa ƙa'idar shirin ne, yana iya sa a cire ku, ita kuma ta rasa bizarta. Haka nan dala 500 na karatunta, da hutun mako biyu da albashi, da kwana ɗaya da rabi na hutu duk mako, da cikakken ƙarshen mako guda a wata, duk haƙƙinta ne da kuka sa hannu a kai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tunda wasu 'yan'uwa za su karanta wannan, bari in ƙara abu guda da nake yawan ji a cikinmu. Kawo ƙanwa ko 'yar ƙanin miji daga Kano ko Damagaram da bizar ziyara don ta yi raino ana ba ta wani abu a wata, wannan ba au pair ba ce, kuma babu ko ɗaya daga cikin sassaucin da na ambata da ya shafe ta. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, kuma yarinyar ce take fara ɗaukar hukuncin idan abin ya fito. Shirin au pair sai ta hannun kamfanin da Ma'aikatar Harkokin Waje ta amince da shi, ga mai shekara 18 zuwa 26, kuma masu saukar sai 'yan ƙasa ko masu katin zama na dindindin.

Game da biyan kansa, ku tura ta banki duk mako a rana ɗaya, kada ku miƙa a hannu. Ku ajiye takarda mai nuna awoyin kowace rana, ku biyun ku sa hannu a ƙarshen mako, ku adana ta aƙalla shekara huɗu kamar yadda IRS take nema ga takardun albashi. Ki turo min sunan jiharku da ainihin ranar da za ta sauka, da amsar tambayar nan ta ko ta taɓa zuwa, sai in fitar miki da ranar da kwana 183 ɗinta zai cika.